Yadda zaka fahimci lambar kallo ta kowane rubutu da ka sa a intanet

Duk mai wallafa rubutu a shafinsa na intanet ya san wannan halin, ka saki rubutu, ko minti goma ba'a yi ba ka koma kana leƙa lamba, ta motsa ko bata motsa ba. Ba laifi bane, kowa yana so ya san ko ana karanta abinda ya hana idonsa barci ya rubuta. Abinda ke damuna shine yadda da yawanmu muke ɗaukar lambar nan kamar hukuncin alƙali, in ta hau sai muce rubutu yayi, in ta kwanta sai jiki yayi sanyi, har ka ga mutum ya daina rubutu a kan abinda ya fi iyawa saboda wata lamba da bai ma san yadda ake ƙirga ta ba. Lambar tana da amfani sosai fa, amma sai ka san me take ƙirgawa, ka tace ta, sannan ka haɗa ta da tambayoyi uku: yaushe aka zo, daga ina aka biyo, me aka yi bayan an shigo. Manhajojin nan galibi da Turanci suke, saboda haka inda ya zama dole zan faɗi abinda aka rubuta a jikin wajen dannawa don kar ka ɓata.

Me ake ƙirgawa tukunna

A manhajoji irinsu Google Analytics da Jetpack na WordPress, akwai wani ɗan guntun kod da ake dasawa a cikin kowane shafi. Da zarar burauzar mai karatu ta loda shafin sai kod ɗin ya tashi ya aika saƙo zuwa sabar masu ƙidaya, wato babbar kwamfutar da ke tara lissafin, cewa an buɗe shafi kaza, a lokaci kaza, da irin na'ura kaza, ta hanya kaza aka biyo. Kowane saƙo guda shine kallo ɗaya, iyakar abin kenan. Kamar ka ajiye mutum a bakin ƙofa ne kace ya ja layi a takarda duk sanda ƙofar ta buɗe, baka ce ya kalli fuskar kowa ba, baka ce ya duba ko wanda ya shiga ya zauna ko leƙowa kawai yayi ya juya ba.

Bari mu bi mutum ɗaya mu gani. Da safe ya danna link ɗin rubutunka a wayarsa, kallo ɗaya kenan. Sabis ya tsaya, hoto yaƙi fitowa, ya ja shafin ƙasa ya sake loda shi, ya zama biyu. Wani aiki ya taso ya ajiye wayar, bayan awa ɗaya ya sake danna link ɗin don ya ƙarasa, uku. Da dare ya buɗe a kwamfuta saboda yana so ya kwafi wani abu, huɗu. Toh a lissafin Google Analytics wannan bawan Allah ya baka kallo 4, ziyara 3, baƙi 2, alhali shi kaɗai ne. Ziyara ta zama uku ne saboda in mutum yayi minti 30 bai taɓa komai ba manhajar tana rufe wannan ziyarar, in ya dawo sabuwa ce. Baƙi kuma sun zama biyu ne saboda ba mutum ake ganewa ba, burauza ake ganewa ta hanyar wata 'yar alama da ake ajiye mata wadda ake kira kuki, waya tana da nata kwamfuta tana da nata. In mutum ya goge kukis ɗinsa, ko ya buɗe ta tagar sirri (incognito), sabon baƙo ne. Burauzar Safari ta Apple ma tun 2019 take yanke wa irin wannan kuki wa'adin kwana 7, kaga mai iPhone da ke leƙo ka sau biyu a wata zai iya fitowa a matsayin sabon mutum duk zuwan da yayi.

Ta ɗaya gefen kuma akwai waɗanda suka karanta amma ba'a ƙirga su ba sam. Mai manhajar toshe talla, sau da yawa tana toshe kod ɗin ƙidayar ma. Wanda ya karanta cikakken rubutun a cikin imel da aka tura masa bai buɗe shafin ba. Wanda aka kwafe masa rubutun aka liƙa a guruf, ko aka ɗauki hoton fuskar waya aka tura masa, shima babu shi a lissafi. Kenan lambar tana iya yin sama da gaskiya, tana iya yin ƙasa da ita, kuma a rubutu ɗaya duka biyun suna iya faruwa.

Inda zaka same ta ba wuya. A Google Analytics na yanzu, wanda ake kira GA4, ka shiga rahotanni ka nemi "Pages and screens", zaka ga kowane shafi a layinsa, a gabansa akwai kallo, baƙi, kallo nawa kowane baƙo yayi, da matsakaicin lokacin da ya ɗauka. Akwai ɗan akwatin nema a saman jerin, ka rubuta wani yanki na adireshin rubutun sai ya ware maka shi kaɗai. A Jetpack in ka danna kan sunan rubutu a wajen lissafi zai buɗe maka tarihinsa wata-wata. A Blogger kuma lambar tana nan a gefen kowane rubutu a jerin rubuce-rubucenka.

Ka fara cire datti

Na farko ka cire kanka. Wannan ba ƙaramin abu bane ga wanda bai tara masu karatu da yawa ba, don ranar da ka saki rubutu kai ne kake buɗe shi ka gyara harafi, ka sake buɗewa ka ga ko hoton ya zauna, ka buɗe a waya ka ga yadda ya fito, kafin ka ankara ka tara wa kanka kallo masu yawa kana murna. Jetpack a saitinsa na asali baya ƙirga mai shafi muddin ya shiga da akawun ɗinsa, amma in ka buɗe a wata burauzar da baka shiga ba zai ƙirga ka kamar kowa. Blogger yana da wajen da zaka ce kar a ƙirga naka kallon, sai dai a burauzar da ka danna kawai yake aiki, sai ka bi kowace na'ura ka saita, in ka goge kukis kuma ka sake. A GA4 ana ware kai ne ta lambar IP, wato lambar da ake gane haɗin intanet ɗinka da ita, bayan ka saka ta kuma sai ka je ka kunna matatar da ke cire naka kallon da hannunka don a yanayin gwaji take zuwa, mutane da yawa a nan suke tsayawa su ɗauka sun gama. In da datar waya kake aiki lambar IP ɗinka canzawa take yi, wannan hanyar bazata riƙe ba, gara ka sa 'yar manhajar nan da Google da kansa ya fitar wadda ake liƙa wa burauza ta hana a ƙirga ka. Kuma ka sani matata daga ranar da ka kunna ta take fara aiki, bata komawa baya ta wanke abinda ya wuce.

Na biyu ka tabbatar ba sau biyu aka dasa kod ɗin ba. Yana faruwa sosai, ka liƙa shi da hannu a cikin samfurin shafin, bayan wata biyu ka sa wani fulogin, wato 'yar manhajar da ake ƙara wa shafi, shima ya dasa nasa, daga ranar duk buɗewa ɗaya sai ta zama biyu. Gwajin mai sauƙi ne. Ka buɗe rahoton kai tsaye na GA4, wanda ke nuna abinda ya faru cikin minti 30 da suka wuce, ka zaɓi wani tsohon rubutu da ka san babu mai buɗe shi a wannan lokacin, ka ari wayar wani ka buɗe shi sau ɗaya tak, kar ka taɓa komai, ka zuba wa rahoton ido. In 1 ta fito a gaban sunan rubutun lafiya lau. In 2 ta fito toh akwai kod biyu, ka nemo ɗaya ka cire, ka kuma rubuta ranar da ka cire a wani waje don nan gaba in ka ga lamba ta faɗi rabi kar hankalinka ya tashi.

Na uku, rubutu ɗaya yana iya rabuwa gida-gida a cikin jerin. Blogger yana ƙara ?m=1 a ƙarshen adireshi ga masu buɗewa a waya, Facebook yana liƙa wata doguwar jela da ke farawa da fbclid, wani adireshin yana ƙarewa da alamar / wani babu, kuma wasu manhajojin kowanne layinsa daban suke bashi. Haka in ka canza kan rubutu bayan ka wallafa, kuma kana duba jerin ta sunan rubutu, zaka ga tsohon suna da lambarsa sabon suna da tasa. Ni shawarata kullum ka duba ta adireshi, ba ta suna ba, in ka ga ya rabu ka haɗa da kanka. Akwai kuma shafin farko, in ka saita shi yana nuna cikakken rubutu maimakon ɗan somin-taɓi, mutane zasu karance a nan su tafi, kallon ya tafi wa shafin farko, rubutun kansa ya tashi da kaɗan. A Jetpack irin wannan yana taruwa ne a layin shafin farko.

Sai kuma bot, wato manhajojin da ke yawo a intanet suna buɗe shafuka ba mutum a bayansu. Wasu na kirki ne, kamar na Google da ke zuwa ya karanta shafinka don ya sa shi a sakamakon nema, wasu masu kwasar rubutu ne, wasu kuma 'yan talla ne da ke so ka ga sunan shafinsu a lissafinka ka danna. GA4 yana cire waɗanda aka sani da kansa, amma waɗanda ba'a sani ba suna wucewa. Yadda zaka gane su, ka wayi gari ka ga wani rubutu da ya shekara a kwance ya tashi sama dare ɗaya, ka duba ka ga duk daga ƙasa ɗaya ne wadda ba'a jin yaren da kake rubutu da shi, lokacin da suka ɗauka sifili ko daƙiƙa ɗaya, kowa kallo ɗaya ya tafi, babu wanda ya danna komai. Wannan ba masu karatu bane, ka cire ranar daga lissafinka. Amma kar ƙasa kaɗai ta sa ka yanke hukunci, don masu amfani da VPN suna fitowa ne a ƙasar da sabar take. In kuma ka ga wani baƙon adireshi a jerin wuraren da aka biyo, wanda baka san shi ba kuma sunansa kamar na talla, don Allah kar ka danna, abinda suke nema kenan.

A nan ne ma zaka gane dalilin da yasa manhajoji biyu basa taɓa baka lamba ɗaya. Wadda ke karanta rajistar sabar kai tsaye, kamar AWStats da ake samu a wajen masu ba da masaukin shafi, tana ganin duk wanda ya taɓa sabar, shi yasa lambarta ta kan fi girma. Masu dogaro da kod basa ganin wanda ya toshe kod ɗin. Agogonsu ma ba ɗaya bane, Search Console, wato manhajar Google da ke nuna yadda ake samun shafinka a sakamakon nema, da agogon yammacin Amurka yake yanke ranakunsa, shi kuma GA4 da wanda ka saita masa, kuma GA4 yana iya ɗaukar awa 24 zuwa 48 kafin lissafin rana ya gama zama, saboda haka lambar jiya da ka gani da safe ba lallai ita ce ta ƙarshe ba. Kar ka wahalar da kanka wajen sai sun daidaita. Ka zaɓi ɗaya ka riƙe ta, da ita zaka riƙa auna yau da jiya.

Yanzu ga karatun kansa

Kuskuren da na fi gani shine a jera rubuce-rubuce ta jimillar kallo tun ranar da aka wallafa su a ce na sama shine gwani. Rubutun da ya shekara uku yana tara kallo ba sa'an wanda aka saki makon jiya bane. In zaka gwada, ka gwada su a shekaru ɗaya, wato nawa wannan ya samu a kwana 7 na farko, nawa wancan ya samu a nasa kwana 7 na farko, sannan kwana 30, sannan wata na uku. Da ka fara haka zaka ga rubuce-rubucenka sun kasu iri biyu, kuma siffar giraf ɗin ce zata gaya maka. Akwai mai tashi sama ranar farko ko ta biyu, ya sauko da sauri, kafin mako ya zagayo ya kwanta, wannan rabawa a soshiyal midiya ce ta ɗaga shi, galibi a kan abinda ake yayi ne. Akwai kuma wanda ranar farko ba kowa, sati biyu shiru, sai a hankali ya fara samun uku yau biyar gobe, bayan wata shida kullum sai an buɗe shi ba tare da ka raba ko'ina ba, wannan masu nema a Google ne ke faɗowa kansa. A ce na farko ya samu 900 a kwana biyu ya mutu, na biyu kuma yana samun 10 kullum, kafin wata huɗu na biyun ya wuce shi kuma bai tsaya ba. Gaskiya irin na biyun nan ne nake jin takaicin yadda ake raina su, mutum ya duba a satin farko ya ga ba komai sai yace wannan fannin ba'a so, alhali lokacinsa ne bai yi ba.

Ka kuma yi hattara da matsakaici. A ce rubutu biyar ka saki a wata, suka samu 40, 55, 60, 80 da 3,000. In ka haɗa ka raba biyar zaka samu 647, sai ka ɗauka haka rubutunka yake samu, wata mai zuwa ka ga 70 kace ka faɗi. Baka faɗi ba. Ka jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, 60 kenan, wannan shine ainihin matsayinka, shi kuma mai 3,000 ka ware shi gefe ka bincika me ya faru da shi, wa ya raba shi, a ina. Haka ƙananan lambobi basa ɗaukar lissafin kashi cikin ɗari, daga 8 zuwa 16 manhaja zata nuna maka koren kibiya tace ƙarin kashi 100, alhali mutum ɗaya mai sake loda shafi zai iya kawo wannan. In kana gwada lokaci da lokaci kuma ka ɗauki kwana 28 da kwana 28 da suka gabace su, don kowanne ya ƙunshi Asabar huɗu da Lahadi huɗu, tunda yawan karatu a ranakun aiki da na hutu ba ɗaya bane. Rubutun da ke da lokacinsa, kamar na shirin jarrabawa, da irin watan na bara zaka gwada shi.

Daga ina suka biyo

Wannan tambayar ta fi jimillar muhimmanci a wajena. A cikin rahoton shafuka na GA4 akwai 'yar alamar + a gefen kan jerin, in ka danna zaka iya ƙara layin tushen ziyara, sai kowane rubutu ya rabu, kaza daga Google, kaza daga Facebook, kaza daga wani shafi da ya sa link ɗinka, kaza kuma an rubuta "direct". Wannan na ƙarshen yana ruɗa mutane, suna ɗauka masoya ne da suka haddace adireshin suka rubuta da hannu. Wa zai zauna ya rubuta dogon adireshin rubutu harafi-harafi? Abinda yake nufi kawai shine manhajar bata san ta inda aka biyo ba, kuma link ɗin da aka danna a WhatsApp, ko a cikin wasu manhajojin imel, ko a fayil ɗin PDF, sau da yawa haka yake zuwa ba shaida. Saboda haka in ka ga sabon rubutu ya cika da wannan, mafi kusa shine ana ta tura shi ne daga hannu zuwa hannu, kuma wannan labari ne mai daɗi.

In kana so ka tabbatar, kai zaka sa wa link ɗin shaida kafin ka raba. A ƙarshen adireshin ka ƙara ?utm_source=whatsapp&utm_medium=social sai ka tura wannan a WhatsApp, wanda zaka sa a Telegram ka canza sunan, na imel ma haka. Duk wanda ya danna, ko an tura masa ne ta hannu na goma, da shaidar zai iso. Ka riƙa rubuta su da ƙananan haruffa kullum don WhatsApp da whatsapp layi biyu zasu zama. Kar kuma ka sa irin wannan jelar a link ɗin da ke kai mutum daga wani rubutunka zuwa wani a cikin shafinka, zata dagula maka lissafin asalin inda ya fito.

Su kuma waɗanda suka biyo ta Google, Analytics bazai gaya maka me suka rubuta suka same ka ba, tun 2011 Google ya fara ɓoye wannan. Search Console ne ke da shi, kyauta ne, kuma yana riƙe tarihin wata 16. Ka shiga rahoton sakamakon nema, ka tace da adireshin rubutu guda, sai ka duba jerin kalmomin da aka nema. Lambobi huɗu zaka gani, sau nawa aka nuna ka a sakamako, sau nawa aka danna, kashi nawa cikin ɗari kenan, da matsakaicin matsayinka a jeri. A nan ne aiki yake fitowa fili. A ce an nuna rubutun sau 2,000, kana cikin biyar na farko, amma 20 ne suka danna, toh mutane suna ganinka suna wucewa, ka duba kan rubutun, wataƙila bai faɗi abinda ke ciki ba, ko bai yi kama da tambayar da suke yi ba. In kuma matsayinka yana wajen 11 zuwa 15, ka kusa amma baka iso inda ido ke kaiwa ba, abinda ake buƙata shine ka ƙara wa rubutun nama, ka amsa tambayoyin da ka ga ana nema waɗanda ka taɓa su sama-sama. Sau da yawa a cikin jerin nan zaka tsinci tambayar da baka taɓa tunanin ana yi ba, ita kanta sabon rubutu ce. Wani abu kuma, tun 2024 Google ya fara sa taƙaitacciyar amsa ta AI a saman wasu sakamakon, mai tambaya yana iya samun abinda yake so a nan bai danna kowa ba, saboda haka in ka ga nunawa tana nan yadda take, matsayi bai canza ba, dannawa ce kawai ta ragu, ka rubuta tambayar da kanka a Google ka ga me ke saman ka kafin ka zargi rubutun.

Sun karanta kuwa?

Kallo baya amsa wannan, sai ka duba lokaci. GA4 yana ƙirga lokacin da shafin yake a gaban mutum ne kawai, in ya koma wata manhajar ko wani shafin agogon yana tsayawa, wannan yasa lambar tana da ɗan abin dogaro. Ka ɗauki agogo ka karanta rubutun da kanka yadda baƙo zai karanta, a ce ya ɗauke ka minti shida, sai ka duba ka ga matsakaicin daƙiƙa 20 ne, toh yawancin waɗanda suka shigo basu wuce sakin layi na farko ba. Ko dai kan rubutun yayi alƙawarin abinda babu a ciki, ko gabatarwar tayi tsawo, ko shafin yana da nauyi a waya, ko talla ta rufe fuska. Ka raba lokacin ta tushe ma, zaka iya samun masu zuwa daga Google suna minti uku, masu zuwa daga Facebook suna daƙiƙa goma, matsakaicin ya ɓoye maka duka biyun.

Gajeren lokaci ba kullum yake nufin matsala ba dai. In rubutun amsar tambaya ɗaya ce, mutum ya shigo ya ga amsar a layi na uku ya tafi, ai ka biya masa buƙata. Shi yasa kowane rubutu da irin aikin da aka yi shi dominsa zaka auna shi.

Akwai abinda GA4 ke kira ziyara mai ma'ana, wato wadda ta wuce daƙiƙa 10, ko aka buɗe shafi biyu ko fiye, ko aka yi wani abu da ka ware a matsayin muhimmi. Daƙiƙa 10 ta yi kaɗan ga mai dogon rubutu, ana iya ɗaga ta har zuwa 60 a saiti, ni ina ganin ya dace ka ɗaga. Yana kuma ƙirga wanda ya gangara har kashi 90 cikin ɗari na tsawon shafin in ka bar wannan a kunne, sai ka gwada adadinsu da jimillar baƙin rubutun, amma ka lura in ƙasan shafinka cike yake da wasu tarkace masu tsawo mutum zai iya gama karatu tsaf bai kai wajen ba. Wanda kuma ya daɗe a harkar yana da tsofaffin lambobi, ya tuna cewa tsohon Google Analytics ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yuli 2023, kuma yadda yake lissafin lokaci daban ne, shi tazarar da ke tsakanin buɗe shafi da buɗe na gaba yake aunawa, wanda ya karanta rubutu ɗaya ya fita baya samun lokacinsa. Lambobin kafin wannan ranar da na bayanta ba'a gwada su kai tsaye.

Abinda zan ce kayi a aikace, ka buɗe ɗan teburi a Excel ko Google Sheets, kowane rubutu layi ɗaya, ka sa ranar wallafawa, kallon kwana 7, na kwana 30, babbar hanyar da aka biyo, da matsakaicin lokaci, ka riƙa cikewa sau ɗaya a wata, leƙen kowace awa ba abinda zai ƙara maka sai fargaba. Ka shiga saitin GA4 ka mayar da wa'adin ajiye bayanai daga wata 2 zuwa wata 14 tun yanzu, don in ka tashi yin bincike mai zurfi nan gaba abinda aka goge baya dawowa. Tsofaffin rubuce-rubucen da ka ga kullum ana shigowa ta kansu, su ne ƙofar shafinka, ka koma ka sabunta abinda ya tsufa a ciki, ka sa musu link zuwa wasu rubuce-rubucenka masu alaƙa da basa samun baƙi. In zaka gyara wani abu kuma, abu ɗaya zaka canza a lokaci guda, in kan rubutu ne toh shi kaɗai, kar ka taɓa adireshin don canza shi yana kashe tsofaffin link sai in ka saita turawa zuwa sabon, ka rubuta ranar a teburin, ka bashi sati huɗu cur kafin ka dawo ka gwada da sati huɗun da suka gabata.